Ƙwayar zarra: yadda sikeli ya raba gardamar shekaru dubu biyu

Da wuya mako ya wuce ba mu ji maganar ƙarfen uranium a gidajen rediyo ba. Ana cewa shi ne arzikin ƙasa, ana cewa manyan ƙasashe na rububinsa, ana cewa da shi ake yin wutar lantarki da kuma bama-baman ƙare dangi. To amma in muka shiga babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram muka tambayi jama'a mene ne a cikin wannan dutse da ya sa duniya ke son sa haka, kaɗan ne za su ba mu amsa. Ɗan kasuwa kuwa ya fi kowa sanin cewa wanda bai san hajarsa ba, mai saye ne ke yanka masa farashi. Shi ya sa a wannan karo muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin abin da ke ɓoye cikin uranium, da cikin gishiri, da ruwa, da duk abin da hannu ke taɓawa, watau ƙwayar zarra, wadda Turawa ke kira atom.

Tambaya mai shekaru fiye da 2,400

Mu ɗauki buhun gishiri. Babban ɗan kasuwa ya sauke shi daga mota, ya sayar wa mata tiya-tiya. Mai tiya ta raba shi gwangwani-gwangwani, mai gwangwani ta ƙulla shi ƙulli-ƙulli na dala biyar. Uwargida ta ɗebi kaɗan da yatsu biyu ta niƙe shi ya zama gari. To, in da za a ci gaba da wannan rabo, shin akwai inda za a kai ya tsaya, ko kuwa kowane ɓarɓashi za a iya sake raba shi gida biyu har abada?

Masanan ƙasar Girka sun yi wa kansu wannan tambaya shekaru 400 da ƴan kai kafin haihuwar Annabi Isa. Wani mai suna Lusifus da almajirinsa Dimokirit, mutumin garin Abdera, suka ce rabo yana da iyaka. A ganinsu, kowane abu an gina shi ne da wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ba su yankuwa, suna yawo cikin sarari wanda babu komi a cikinsa. Sunan da suka ba su da harshensu shi ne atomos, ma'ana abin da ba ya yankuwa. Dimokirit ya ce bambancin abubuwa daga siffar ƙwayoyin ne da yadda suka jeru: abu mai zaƙi ƙwayoyinsa mulmulallu ne masu santsi, abu mai tsami kuwa nasa masu tsini ne. Can ƙasar Indiya ma wani malami mai suna Kanada da mabiyansa sun yi irin wannan tunani.

Hujjarsu irin wadda kowa ke gani ce. Wanki na bushewa a igiya ba tare da mun ga tafiyar ruwan ba. Taɓarya na siɗewa shekara da shekaru ba mu taɓa ganin abin da ke zuba daga jikinta ba. Ke nan akwai abin da ke tafiya kaɗan-kaɗan wanda ya fi ƙarfin ido.

Sai dai babban malamin Girka, Aristo, bai yarda ba. Shi ya tsaya a kan cewa tushen komi abubuwa huɗu ne: ƙasa, ruwa, iska da wuta, kuma babu wani sarari da zai zauna fanko, rabo kuma ba shi da iyaka. Da yake sunansa ya fi na kowa girma, maganarsa ce ta rinjaya a makarantu kusan shekaru dubu biyu. Abin lura a nan shi ne, daga Dimokirit har Aristo babu wanda ya ɗauki sikeli. Gardama ce ta baki da baki, wanda ya fi almajirai shi ke da gaskiya.

Malaman Basra da Bagadaza

Gardamar ba ta mutu da Girkawa ba. A ƙarni na 9 na Miladiyya malaman ilimin tauhidi na Basra da Bagadaza sun tashe ta da ƙarfi. Abul Huzail na Basra ya ce akwai yanki wanda ba ya rarrabuwa, almajirinsa Nazzam ya ce babu. Daga baya Imam Ash'ari, wanda ya rasu wajen shekara ta 936, da Baƙillani, wanda ya rasu a 1013, suka gina bayaninsu game da halitta bisa wannan yanki, wanda ake kira jauhari. Ɗaya daga cikin hujjojin masu wannan ra'ayi ita ce: in ƴar ƙaramar ƙwaya tana rabuwa ba iyaka, tsauni ma yana rabuwa ba iyaka, to da me tsauni ya fi ƙwaya girma?

Shi kuwa Ibn Sina, babban likitan nan da ya rasu a 1037, ya bi bayan Aristo. Hujjar masu irin ra'ayinsa ita ce: a jera ƙwayoyi uku, in ta tsakiya ta hana na gefe taɓa juna, ashe tana da dama da hagu, abin da ke da dama da hagu kuwa yana rabuwa. Kowane ɓangare da tasa hujja mai kaifi, amma har yanzu babu alƙalin da zai yanke. Ita kanta kalmar zarra daga Larabci muka are ta, inda asalinta ke nufin ɗan ƙaramin kiyashi ko ƙurar nan da ake gani cikin hasken rana in ya ratso ɗaki. Larabawan yau da ita suke kiran atom.

Ranar da sikeli ya shigo

Alƙalin ya zo ne daga inda ƴan kasuwa suka fi sani, watau awo da lissafi. Wani Bafaranshe mai suna Lavoisier, wanda sana'arsa karɓar haraji ce, ya ɗauki ɗabi'ar mai littafin shiga da fita ya kai ta ɗakin bincike. In an ƙone itace, toka ce kaɗan ke saura, to ina sauran nauyin ya tafi? In ƙarfe ya yi tsatsa, me ya sa nauyinsa ke ƙaruwa? Sai ya riƙa yin gwajinsa cikin kwalba rufaffiya, yana aunawa kafin da bayan. Abin da ya samu shi ne nauyi ba ya ɓata kuma ba ya zuwa daga babu: abin da ya bar itace ya shiga iska, abin da ya ƙaru ga ƙarfe daga iska ya fito. Matarsa Marie-Anne ce ke riƙe masa da littafin gwaji, tana zana kayan aikin, tana fassara masa rubutun masanan Ingila. A shekara ta 1789 ya fitar da jerin abubuwa 33 da ya ɗauka su ne sinadarai na asali, waɗanda ba a iya warware su zuwa wani abu dabam. Ruwa da iska ba su cikinsu, domin ya nuna cewa su kansu gauraye ne. Aikin haraji ne ya ja masa, aka sare masa kai a 1794 lokacin juyin juya halin Faransa.

Wani Bafaranshen kuma, Proust, ya gano cewa sinadarai ba su haɗuwa yadda suka ga dama. Ruwa, ko na rijiya ne ko na sama, in an tace shi, kowane giram 9 na ɗauke da giram 1 na iskar haidirojin da giram 8 na iskar oksijin. Tsantsar gishiri, ko na Bilma ne ko na teku, kowane giram 100 na da kimanin giram 39 na sodiyom da 61 na kulorin. Awon ba ya sauyawa.

Wanda ya ga ma'anar wannan shi ne John Dalton, wani malamin lakwal a birnin Manchesta na Ingila, wanda ya buga bayaninsa a 1808. Ga misalin da zai sa mu gane shi. Giram 3 na sinadarin gawayi, in ya ƙone, ko dai ya ɗauki giram 4 na oksijin ko kuma giram 8. In ya ɗauki 4, sai ya ba da iskar nan mai guba da ke kashe mutanen da suka kwana da kaskon gawayi cikin ɗaki rufe lokacin ɗari. In ya ɗauki 8, sai ya ba da iskar da ke sa lemun kwalba kumfa. Me ya sa 4 ko 8, ɗaya ninkin ɗaya? Wanda ke biya da tsabar dala zai iya ba ka dala ɗaya ko dala biyu, amma ba zai iya ba ka dala da rabi ba. Dalton ya ce haka abin yake: ƙwayar gawayi guda tana kama ƙwayar oksijin ɗaya ko biyu, babu rabi. Kowane sinadari da irin ƙwayarsa da nauyinta, ya kuma fara jera nauyin a takarda.

Ya yi tuntuɓe a wasu wurare, domin ya ɗauka ruwa ƙwayar haidirojin ɗaya ce da ta oksijin ɗaya, alhali biyu ce da ɗaya. Lissafin wani ɗan Italiya, Avogadro, na shekara ta 1811 ne ya gyara wannan, ko da yake sai bayan taron masana na 1860 a Jamus aka karɓe shi. A 1869 kuma Mendeleyev na Rasha ya jera sinadarai 63 da aka sani bisa nauyinsu da halinsu, ya bar gurabe fanko ya ce akwai waɗanda ba a gano ba tukuna, har ya faɗi kamanninsu. Uku daga cikinsu suka bayyana a 1875 da 1879 da 1886 kamar yadda ya kwatanta. Yau jerin na da sinadarai 118.

Masu sayar da takin zamani na riƙe da wannan lissafi a hannu kullum. Lambar 46 da ke jikin buhun takin ure na nufin kowane kilo 100 na da kilo 46 na sinadarin da ke sa ganye kore, watau buhu mai kilo 50 na da kilo 23. Daga nauyin ƙwayoyi aka fitar da wannan lamba, kuma da ita ake kama taki na jabu.

Masu cewa sai mun gani

Duk da haka, har farkon ƙarni na 20 akwai manyan masana irin su Mach da Ostwald da ke cewa ƙwayar zarra dabarar lissafi ce kawai, tunda babu wanda ya taɓa ganinta. Abin da ya rufe bakin gardama wani ɗan abu ne da aka daɗe da rainawa. Tun 1827 wani masanin tsirrai, Robert Brown, ya lura da cewa ƴan ɓarɓashi cikin ruwa, in an dube su da madubin ƙara girma, ba su daina rawa. A 1905 Einstein ya ce ƙwayoyin ruwa ne ke tunkuɗarsu ta ko'ina, kamar yadda cunkoson ranar kasuwa ke jujjuya mai ɗauke da kaya, ya kuma ba da lissafin da za a gwada. Bafaranshe Jean Perrin ya gwada a 1908, lissafi ya fito daidai, Ostwald ya sallama.

Daga nan aka san ƙanƙantar abin. Sai an jera ƙwayoyin zarra miliyan biyar zuwa goma kafin su cika milimita ɗaya. Giram 18 na ruwa, watau babban cokali da ɗan ɗori, na ɗauke da ƙwayoyin ruwa da yawansu sai an rubuta 6 an bi ta da sifili 23.

Abin da ba ya yankuwa ya yanku

Abin mamaki, tun kafin a gama yarda da ita, ƙwayar ta fara nuna cewa sunanta bai dace da ita ba. A 1896 a birnin Paris, Becquerel ya iske gishirin uranium na fitar da wani tiriri da ido ba ya gani, wanda ke ratsa baƙar takarda ya ɓata farantin hoto. Marie Curie da mijinta Pierre suka bi sawun abin, suka gano sinadarai biyu sababbi a 1898. Sai da ta dafa ton-ton na dutse cikin wata rumfa kafin ta samu kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyom a 1902. Ta karɓi lambar yabo ta Nobel sau biyu, a 1903 da 1911. A 1897 kuma Thomson na Ingila ya gano wata ƴar ƙwaya mai ɗauke da lantarki da ke fita daga cikin atom, wadda ake kira elektoron. Gudun waɗannan cikin waya shi ne wutar da muke biya kowane wata.

A 1909 wasu mataimakan Rutherford biyu, Geiger da Marsden, suka riƙa harbin wani siririn fallen zinariya da ƙananan ƙwayoyi. Kusan duka suka ratsa kamar babu komi, amma ɗaya cikin dubbai sai ta dawo baya. A 1911 Rutherford ya ba da bayani: kusan dukan nauyin atom na dunƙule ne cikin wata ƴar cibiya a tsakiya, sauran duk fili ne. In da cibiyar za ta kai girman ƙwayar gero, da atom ɗin ya kai faɗin filin ƙwallo. Ashe sararin da Dimokirit ya faɗa yana nan har cikin ƙwayar kanta.

Bohr na ƙasar Danmak ya nuna a 1913 cewa elektoron ba ya zama inda ya ga dama, yana da matakai kamar na tsani. A 1925 da 1926 Heisenberg da Schrödinger suka kawo lissafin da ake aiki da shi har yau, wanda ba ya nuna takamaiman inda elektoron yake sai dai inda aka fi sa ran samunsa. Bisa wannan lissafi aka ƙera abin da ke cikin wayar salula da farantin hasken rana. Cibiya kuma aka iske ƙwayoyi iri biyu ne a cikinta, furoton da nutoron, na biyun Chadwick ne ya gano shi a 1932. Yawan furoton shi ke bambanta sinadari da sinadari: haidirojin na da 1, zinariya 79, uranium 92. A 1964 masana suka kawo bayanin cewa su ma waɗannan an gina su da wasu ƙanana da ake kira kuwak. Masu cewa sai mun gani kuwa, a 1981 aka ƙera na'urar da ke nuna ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, har a 1989 ma'aikatan kamfanin IBM suka jera guda 35 suka rubuta sunan kamfaninsu.

Daga Berlin zuwa Arlit

A watan Disamba na 1938, a birnin Berlin, Hahn da Strassmann suka harbi uranium da nutoron, suka ga abin da ba su gane ba. Abokiyar aikinsu Lise Meitner, wadda ta gudu daga mulkin Hitler, ita da ɗan ƴar uwarta Frisch suka fassara shi: cibiyar uranium ce ta tsage biyu, ta saki ƙarfi mai yawan gaske da wasu nutoron da za su tsaga na kusa da ita. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ran 6 ga watan Agusta na 1945 Amurka ta jefa bam na uranium a birnin Hiroshima na Japan, kafin ƙarshen shekarar mutane kimanin 140,000 sun mutu. Mafi yawan dutsen da aka yi wannan aiki da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kongo aka kwaso shi. A 1954 kuma, a garin Obninsk na Rasha, aka fara ba jama'a wutar lantarki daga wannan tsagewa.

Nan ne sirrin farashin yake. Cikin ƙwayoyin uranium 1,000, guda 7 kawai ne irin mai saurin tsagewa, wanda ake kira 235. Amma kilo ɗaya na wannan iri, in ya tsage duka, yana ba da zafin da ya fi na ton 2,500 na gawayin ƙasa. Ƙasar Faransa na samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga tashoshin nukiliya.

A ƙasarmu, an gano uranium a Azelik a 1957, lokacin da masu binciken Faransa ke neman tagulla. Kamfanin Somaïr ya fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak ya bi baya a Akuta a 1978, aka rufe shi a watan Maris na 2021. A 2024 hukumomin ƙasa sun karɓe lasisin Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa, a 2025 kuma suka mai da Somaïr mallakar ƙasa. Mu garin uranium muke fitarwa cikin ganguna. Tace shi, da ware irin 235, da mai da shi wuta, duk a waje ake yi, kuma kowane mai sayar da ɗanyar gyaɗa ya san ribar na wurin mai matse mai.

Akwai kuma abin kiyayewa. Tiririn da Becquerel ya gano ba shi da wari, ba shi da launi, kuma yawansa na jawo ciwon daji. A 2009 masu binciken ƙungiyar Greenpeace sun auna wasu tarkacen ƙarfe a kasuwar Arlit suka iske suna fitar da shi. Mai sayen tsohon ƙarfe ba zai gane wannan da ido ko da hannu ba, sai da na'urar awo, wadda ke ɗauke da sunan Geiger ɗin nan da ya harbi fallen zinariya. Shi kuma wannan tiriri, in an auna shi daidai, magani ne: tun 2021 ake gasa ciwon daji da shi a birnin Yamai.

Abin da ya rage gare mu

Jama'a masu karatu, shekaru dubu biyu masu kaifin hankali suka yi suna musu ba su kai ga matsaya ba, amma da aka ɗora maganar bisa sikeli, cikin shekaru 150 aka tashi daga kwalbar Lavoisier zuwa tsaga cibiyar uranium. Yau abin ya juya, ƙwayar zarra ce ke riƙe da awo: tun 1967 ake tsai da tsawon daƙiƙa bisa kaɗawar atom na sinadarin siziyom, kuma tun watan Mayu na 2019 kilo ya daina dogara da dunƙulen ƙarfen nan da ke ajiye kusa da Paris, ya koma bisa lissafin da aka samo daga binciken atom.

Ƙasar da ke zaune bisa uranium tana bukatar ƴaƴanta da suka iya wannan awo, waɗanda za su zauna teburin ciniki su san abin da ke cikin ganga, su kuma auna ruwan rijiya da ƙarfen kasuwa su faɗa mana gaskiya. Jami'armu ta Yamai sunan masanin kimiyya take ɗauke da shi, watau Abdou Moumouni. Kuɗin littafi da na alli kuwa, a gidaje da yawa, daga cinikin tiya da gwangwani suke fitowa. Saboda haka muna kira ga ƴan uwa ƴan kasuwa, musamman iyayenmu mata, in yaro ko yarinya ta nuna son lissafi da kimiyya, kada a cire ta daga lakwal don talla. Rashin sani ne ke sa kaza kwana bisa dami da yunwa.